Mafitsara, tantani da alama: amsar tambayoyinku

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. An koya mana cewa akwai wasu furotin a shimfiɗar cikin mafitsara da ake sa ran za su zama alamar gane cututtukan hanyar fitsari. Me zan kira wannan shimfiɗa in ina yi wa majinyaci bayani? Kuma kalmar "alama" ta dace?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Mafitsara dai sunan wuri ne, gininsa irin na makaranta, majema da mahauta: ma- a gaba, -a a baya. Wato wurin fitsari.

Shimfiɗa ba laifi, amma na fi son tantani. Haka Bahaushe ke kiran fata marar kauri, shi ya sa muke cewa tantanin kunne. Ki ce tantanin cikin mafitsara, kowa zai gane. Tun daga cikin ƙoda ya faro, ya bi bututu biyun da ke saukar da fitsari, ya lulluɓe mafitsara. Ƙwayoyin halittar da ke samansa faffaɗa ne, kowace ta rufe na ƙarƙashinta, har masana suka yi musu laƙabi da laima. A fuskar waɗannan laimomi furotin ɗin suke. Sunansu yurofilakin, manyansu huɗu ne: Ia, Ib, II da IIIa. Tung-Tien Sun da abokan aikinsa na Jami'ar New York ne suka gano su wajen 1990. Biyu-biyu suke haɗuwa, su yi wa mafitsara sulke, kada dattin fitsari ya tsiyaya ya koma jini.

Sai dai sulken yana da mariƙi. Bakteriyar E. coli, wadda ita ce ke haddasa mafi yawan ciwon hanyar fitsari, a jikin Ia take maƙale ƙugiyarta. Jiki kuma sai ya yar da laimar da aka kama, ta bi fitsari ta fita. Daga nan tunanin ya taso: in tantani ya ji rauni, ɓurɓushinsa zai bayyana a fitsari.

Alama, wadda muka aro daga Larabci, ta dace ƙwarai, amma a riƙe ta da nauyinta. Dubi karin maganar nan: alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba. Alama aka ce, ba a ce ƙarfin ba, don mai ƙiba yana iya kasa ɗaga tulu. Masu duba tsokar da aka yanko sun riga suna amfani da yurofilakin II da IIIa wajen gane ko sankara daga wannan tantani ta fito. Auna su a fitsari don gano cuta kuwa har yanzu bincike ake yi. Don Allah kada ki yar da "ana sa ran" daga bakinki. Majinyaci yana jin alama ba tare da ita ba zai ɗauka hukunci aka yanke.

Tambaya: Malam, "ruwa ba ya tsami banza" ta shafi wanda fitsarinsa ya sauya? Kuma me ya sa komai ake ce masa sanyi?

Amsa: Ta shafe shi, ɗan'uwa. Ma'anarta duk sauyi yana da sanadi. Amma lura da inda ta tsaya: ta ce akwai dalili, ba ta faɗi ko wane ne ba.

Sanyi kuwa kalma ce da ke damuna. Ta kwashi zafin fitsari, yawan fitsari, ciwon mara da cututtukan saduwa ta zuba a buhu guda, alhali wannan bakteriya ce, wancan tsakuwa, wani kumburin da babu ƙwayar cuta a cikinsa. Rarrabe su shi ne aikin da ake nema wa yurofilakin da ire-irensu. Tsargiya, a ganina, ta tsira da sunanta ne saboda alamarta a fili take: ƙwan tsutsa ya maƙale a bangon mafitsara, jini ya biyo ƙarshen fitsari, ido ya gani.