Tambaya da Amsa: Kyamarata Tana Sunkuyawa a Kan Injin Juyawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Sana'ata ɗaukar bidiyon wa'azi da bukukuwa, kuma kwanan baya na sayi kan kyamara mai inji, wanda ake juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, da rimot. Nufina in riƙa ɗora kyamara can sama lokacin tafsiri ba tare da na tare wa jama'a gaba ba. To amma da zarar na ɗora ta da dogon lensi mai lamba 70-200, sai ta riƙa sunkuyawa, injin yana gurnani yana ɗaukar zafi, batir kuma ya ƙare tun malam bai rufe karatu ba. A jikin kwali an rubuta yana ɗaukar kilo 5, alhali kayana ba su kai kilo 3 ba. Shin jabu aka sayar mini?
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi hanzarin mayar da kayan kasuwa, domin duk alamomin da ka lissafa na injin da aka ɗora wa kaya a karkace ne. Dubi mai talla da farantinta a kan gammo: in kayan sun zauna a tsakiyar kai, sai ta zaga unguwa hannunta a sake, amma in suka zame gaba kaɗan, wuyanta ne zai ɗauki wahalar. Kilo 5 ɗin da ka gani a kwali yana aiki ne idan nauyin ya zauna daidai kan ƙarfen da injin yake juyawa a kansa. In ya goce, sai injin ya koma riƙon kaya ko da ba ka taɓa rimot ba, kuma wannan riƙon ne yake jawo gurnani da zafi da shan batir.

Ina kyautata zaton ka ɗaura farantin, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa kyamara da kan injin, a ƙasan kyamara. Lensi 70-200 mai buɗewar f/2.8, wato mai faɗin ƙofar shigar haske, yakan kai kusan kilo ɗaya da rabi, wato ya fi yawancin kyamarori nauyi, shi ya sa ake yi masa zobe mai ƙafa a jikinsa. A ƙafar zoben za ka ɗaura farantin, ka ɗaure notin tamau. Wannan kaɗai zai rage matsalarka sosai, ya kuma kare bakin kyamara, inda lensi yake shiga, daga ciwon da rinjayen lensi yake yi masa.

Kafin ka fara daidaitawa, sai ka haɗa kayan yadda za su yi aiki ranar ɗauka: batir da katin ajiya a ciki, makirfo da wayoyi a jone, murfin lensi a cire. Sannan ka kashe injin, domin a kunne yana ɓoye maka gaskiyar inda nauyi ya rinjaya. In kan yana da maɓallin da ke sakin giyar injin, ka sake shi, ka tallafe kyamarar da hannu ɗaya, ka riƙa zame farantin baya kaɗan-kaɗan har ka kai inda za ka janye hannunka ta tsaya cak, ba ta faɗa gaba ko baya ba. In kuwa ba ya sakuwa, kada ka murɗa shi da ƙarfi, domin haƙoran giyar ne za su ci. Ga dabarar da nake koya wa yaran shagona: ka kwantar da biro a kan tebur, ka ɗora farantin da kyamarar a kansa a gicciye, hannayenka biyu suna kusa, ka mirgina a hankali har ka ji nauyin gaba da na baya sun yi kunnen doki. Ka sa alama a wurin da ɗan salatif, ka daidaita alamar da tsakiyar kan injin.

Saura nauyin sama da ƙasa, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi. Ka ɗaga bakin lensi sama kamar rabin hanya ka saki a hankali. In ya ci gaba da faɗawa baya, nauyi ya yi sama da yawa, sai ka sauke mazaunin kyamarar. In ya dawo daidai da kansa, nauyi ya yi ƙasa, sai ka ɗaga shi. Abin nema shi ne ta tsaya duk inda ka bar ta. Wasu kawunan ba a iya ɗaga mazauninsu, kuma a irinsu sai ka sauke makirfo da ƙaramin allon kallo daga saman kyamara, ka kuma taƙaita iyakar sunkuyawar.

Akwai abin da ya fi damuna a cikin wasiƙarka. Kayan nan a saman kawunan bayin Allah za ka ɗora su. Don Allah ka ɗaure kyamarar da igiya mai ƙarfi a jikin ginshiƙi ko ƙarfe, ka bar wa wayoyi sarari, ka juya kan har ƙarshensa ta kowane ɓangare tun masallaci bai cika ba, domin ka tabbata babu wayar da za ta fizgo ta.

TAMBAYA: Malam, ni bikin mata nake ɗauka, kamu da walima. In na juya kyamara da rimot, hoton yakan fara daidai ya ƙare a karkace, kuma yana fizga.
Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA: Malama, karkacewar daga ƙafafun da kika ɗora kan injin a kansu take. Ki dubi ƙwayar iskar da ke cikin ɗan gilashin ruwan nan na jikinsu, irin wanda magina suke duba jerin bulo da shi, ki gyara tsawon ƙafafun har ta zauna a tsakiyar da'ira kafin ki ɗora komai. Fizgar kuma, ki kashe tsarin hana girgiza na lensi, domin yakan ɗauki juyawar injin a matsayin rawar hannu ya yi ƙoƙarin gyara ta. Sannan ki rage gudun rimot, yadda amarya za ta ɗauki kamar daƙiƙa 7 kafin ta ratsa allon daga wannan gefe zuwa wancan.