Tambaya da Amsa: Da wane littafi zan fara don fahimtar tattalin arzikin duniya da talauci?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Garwa da ke arewacin Kamaru, mahaifina manomin auduga ne. Kullum ina jin ana maganar dunƙulewar duniya, amma ban gane yadda ake yanke farashin audugarmu a wata ƙasa mai nisa ba. Waɗanne littattafai zan karanta? Ina jin Faransanci, Turancina kuwa kaɗan ne.

Amsa: Malam, na ji daɗin wannan tambaya, kuma tunda gidanku gidan auduga ne, shawarata ka fara daga audugar, kada ka fara da manyan littattafan nazari masu sa mutum ya gaji tun a shafi na goma.

Ka nemi littafin Pietra Rivoli na 2005, wanda aka fassara zuwa Faransanci da sunan Les aventures d'un tee-shirt dans l'économie globalisée. Wannan malama ta sayi riga guda ɗaya, ta bi sawunta tun daga gonar auduga a jihar Texas ta Amurka, zuwa masaƙa a Sin, zuwa kanti a Amurka, har inda ta ƙare cikin dilar gwanjo a Tanzaniya. Abin da ta gano shi ne, a kusan kowane zango siyasa ce ke tafiyar da rigar fiye da kasuwa, domin manomin Texas yana da tallafin gwamnati da inshora da binciken jami'a a bayansa, alhali mahaifinka, da ke jiran ranar awo a gaban sikelin kamfanin auduga na SODECOTON bayan an cire masa bashin taki da na maganin feshi, ba shi da irin wannan garkuwa. Wannan tallafi ne ya sa Chadi da Benin da Burkina Faso da Mali suka kai ƙorafi taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Kankun na ƙasar Meziko a 2003. Idan ka gama littafin, ka ratsa layin 'yan gwanjo a babbar kasuwa ka tsaya ka ga ana kwance dila. Za ka kalli tulin rigunan nan da wani ido dabam.

Daga nan sai La Grande Désillusion na Joseph Stiglitz, wanda ya fito a 2002. Mutumin ya riƙe muƙamin babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, saboda haka sukar da ya yi wa Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka ce ta ɗan gida. Misalansa sun fi karkata ga Asiya da Rasha, amma duk wanda ya ga yadda aka zabtare albashin ma'aikatan Kamaru sau biyu a 1993, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sai dai ina roƙonka kada ka karanta shi shi kaɗai, ka haɗa da Monnaie, servitude et liberté na ɗan ƙasarmu Joseph Tchundjang Pouemi. Tun 1980 ya yi bayanin cewa ƙasar da ba ta riƙe da linzamin kuɗinta ba ta da cikakken iko kan bashi da jari a cikin gidanta. Yana da nauyi a wasu wurare, amma abin yana yi mini ciwo in ga ɗalibanmu sun san masanan Turai ba su san shi ba.

A kan talauci kansa, wanda na fi so shi ne Repenser la pauvreté na Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer. Sun bar gardamar ko agaji alheri ne ko sharri, suka koma gwada ƙananan abubuwa a ƙauyuka. A yammacin Kenya an ga cewa manoma da yawa suna son taki, amma kafin damina kuɗin ya bi ta wasu buƙatu. Da aka ba su damar biyan kuɗin takin nan take bayan girbi, lokacin da aljihu ke da nauyi, sai masu amfani da shi suka ƙaru. Duk macen da ke zubin adashi ta riga ta san wannan hikima. Rauninsa shi ne bai cika taɓa manyan al'amura irin na farashin duniya ba, shi ya sa na sa shi bayan waɗancan.

Na ƙarshe shi ne The Bottom Billion na Paul Collier, na 2007, kuma Turancinsa mai sauƙi ne. Ya lissafa tarko huɗu: yaƙi, dogaro da arzikin ƙarƙashin ƙasa, rashin mafita zuwa teku tare da maƙwabta masu matsala, da mugun shugabanci. Ban yarda da shi ba a inda yake goyon bayan shigar sojojin waje, amma babin rashin teku ya dace da maƙwabciyarmu Chadi ƙwarai. Ka karanta shi kana tuna manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, su ratsa Garwa da Marwa zuwa Kuseri kafin su tsallaka Njamena, da kuma bututun man da ya tashi daga Doba a Chadi zuwa Kribi a bakin tekun Kamaru, wanda ya fara aiki a 2003, Bankin Duniya kuma ya janye daga yarjejeniyarsa da Chadi a 2008 saboda saɓani kan yadda ake kashe kuɗin man.