Tambaya da Amsa: Da gaske ne zafin maganaɗisu yana ƙara wa kemo ƙarfi a kan ciwon daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu tana fama da sankarar mama, an rubuta mata kemo, wato maganin dajin nan da ke bin jini, zagaye shida, yanzu ta yi uku, kuma wallahi tana shan wahala. Ƙanena ya turo mini wani bidiyo da ke cewa a Turai ana dumama ƙarin da maganaɗisu, sai maganin ya fi kama shi. Ga kuma wani shago a unguwarmu mai gadon ɗumi, su ma sun ce da maganaɗisu yake aiki. Abu ɗaya ne? Mu dakatar da kemon mu kai ta can? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi. Kafin komai, kada ku dakatar da kemon, ko zagaye ɗaya. Abin da ke cikin bidiyon yana da tushe a ilimin likitanci, amma shi da gadon unguwarku sunan maganaɗisu kawai ya haɗa su.

Ɗumin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Likitoci sun daɗe da lura cewa idan aka kai ƙarin daji digiri 41 zuwa 43, aka riƙe shi a nan kamar sa'a guda, yakan yi laushi. Dalili kuwa, jijiyoyin jinin da ƙari yake yi wa kansa gini ne na gaggawa, a karkace, wasu a toshe. Lafiyayyen nama idan ya ɗau zafi, jini yakan kwararo ya kwashe zafin kamar yadda ruwa ke sanyaya injin mota. Ƙari ba ya iya hakan sosai, sai zafin ya taru masa a ciki. Tsakiyarsa kuma, inda jini da iska ba sa isa, inda kemo ma yake shan wahalar shiga, nan ne ƙwayoyin suka fi kasa jure zafi.

Kin san bambancin wanke kwanon da ya sha manja da ruwan sanyi da kuma ruwan ɗumi: sabulun ɗaya ne, aikin ne ya bambanta. Kusan haka lamarin yake. Ɗumi yana ƙara gudun jini a kewayen ƙarin, maganin ya isa da yawa. Yana sassauta bangon ƙwayar cutar, maganin ya kutsa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na uku: maganin kemo irin su sisplatin aikinsu su lalata kundin gado da ke cikin ƙwayar, ita kuma ƙwayar tana da ma'aikatanta masu ɗinke ɓarnar. Zafi yana gurgunta waɗannan masu ɗinki, ɓarnar ta zauna, ƙwayar ta mutu. Ba kowane maganin kemo ba ne yake amsa zafi haka, wasu ko a jikinsu.

An gwada wannan haɗi a jikin mutane, an kuma ga amfani. A wani bincike da likitocin birnin Munik na Jamus suka jagoranta, wanda aka fitar a 2010, an raba masu ciwon dajin tsoka 341 gida biyu. Waɗanda aka haɗa musu kemo da ɗumi cutar ta fi jinkirin dawo musu, bibiyar da aka fitar a 2018 kuma ta nuna sun fi daɗewa a raye. A ƙasar Holan, a 2018, an ba da rahoton mata 245 masu dajin ƙwan mahaifa. Wasu an wanke musu cikin ciki da sisplatin mai ɗumi na minti 90 a lokacin tiyata, matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai kusan wata 46, sauran kuwa kusan wata 34. Sai dai ki lura da kyau: babu maganaɗisu a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na farko da na'urar igiyar rediyo aka dumama, na biyu ruwan maganin aka ɗumama.

To ina maganaɗisu ya shigo? Matsalar dumama ƙari daga waje ita ce zafin sai ya ratsa fata da kitse da tsoka kafin ya isa. Shi ya sa aka yi tunanin a kai murhun cikin ƙarin kansa. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun a 1957 wani likitan tiyata a Shikago ta Amurka mai suna Gilchrist ya gwada ta a jikin karnuka. Ana samun garin ƙarfe, dangin tsatsa, mai laushin da sai an jera ƙwayoyinsa dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya. A dama shi a ruwa, a tsira allura a zuba shi cikin ƙarin. Sannan a kwantar da majiyyaci cikin wata babbar na'ura mai fitar da ƙarfin maganaɗisu da ke juya fuska wajen sau dubu ɗari a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayoyin ƙarfen suna ta ƙoƙarin bin wannan juyi, wannan kai-komo ne yake zama zafi. Wanda ya taɓa ganin murhun lantarkin nan na zamani, mai tafasa tukunyar ƙarfe alhali ba wuta ba garwashi, ya ga irin aikin.

Masu bincike sun ƙara wata dabara a kai. Sukan lulluɓe garin ƙarfen da maganin kemo, misali doksorubisin, cikin wani rufi mai narkewa idan ya ji ɗumi, kamar daskararren man shanu a rana. Sai an kunna na'ura rufin zai saki maganin, a daidai inda ake so. Burin shi ne ƙari ya sha magani da yawa, zuciya da ɓargo da gashin kai su huta. A ɓeraye abin yana ba da mamaki, kuma mafi yawan hotunan da ake yawo da su a intanet daga nan suka fito. Amma ɓera ba Hajiya ba ne.

A jikin mutane, wanda ya fi nisa shi ne wani garin ƙarfe mai suna NanoTherm, na kamfanin MagForce a Berlin ta Jamus, da ya samu izinin Turai a 2010 don ƙarin ƙwaƙwalwa. An gwada shi a kan mutum 59 da mugun dajin ƙwaƙwalwa ya dawo musu, ana dumama su sa'a guda, sau biyu a mako. Matsakaicin abin da suka rayu bayan dawowar cutar ya ɗan haura wata 13, wanda ga irin wannan ciwo ba ƙaramin abu ba ne. Amma da gashi aka haɗa musu, wato gasa ƙarin da na'urar haske ta asibiti (radiyoterafi), ba da kemo ba, kuma ba a ware wani rukuni a gefe da za a kwatanta su da shi ba. Akwai wahalhalu ma. Duk wani ƙarfe da ke kusa da wurin, har cikon haƙori, sai an cire shi, domin shi ma zai ɗau zafi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ba ya shiga. Garin ƙarfen yana zama a wurin ya ɓata hoton MRI, bibiyar ƙarin ta ƙara wuya. Kamfanin kansa ya durƙushe a 2022.

Babban tarnaƙin da har yanzu ake fama da shi shi ne isar da garin. Idan aka zuba shi ta jijiya, hanta da saifa ne suke tsince mafi yawansa, abin da ke kaiwa ga ƙarin bai taka kara ya karya ba. Idan kuma da allura aka tsira, sai wani ɓangaren ƙarin ya samu, wani ya rasa, nan ya yi zafi, can ya zauna da sanyinsa. A ganina dabarar tana da makoma, musamman ga ƙarin da ke zaune wuri guda wanda wuƙa ba ta iya kaiwa. Amma haɗa ta da kemo har yanzu aikin ɗakin bincike ne da gwaje-gwaje, bai zama maganin da ake rubuta wa mai sankarar mama ba, ko a Jamus ɗin. Kuma wuri ɗaya take yi wa aiki, alhali amfanin kemon da ake yi wa Hajiya shi ne ya bi jini ya farauto ƙwayoyin da suka sulale zuwa huhu ko ƙashi ko hanta, waɗanda hoto ma bai fara ganinsu ba.

Gadon shagon kuwa, maganaɗisun da ke cikinsa a tsaye yake, ba ya juyawa, kuma ba garin ƙarfe a jikin Hajiya da zai dumama. Ɗuminsa fata yake taɓawa, jini ya kwashe shi kafin ya yi zurfi. Yana ma iya cutar da ita: wasu magungunan kemo suna sa hannu da ƙafa su daina ji sosai, mutum ya ƙone bai ji ba, fatar da aka yi wa gashi kuma ba ta son zafi ko kaɗan.

Wahalar da take sha, ku zayyana wa likitanta dalla-dalla kafin zagaye na huɗu. Akwai magungunan tashin zuciya da amai, ana kuma iya daidaita awon maganin idan jininta ya yi ƙasa. Kuma kada wani ya ji wannan bayani ya ɗauka zazzaɓi taimako ne. Ku ajiye ma'aunin zafi a gida. Duk ranar da ya nuna 38 tana cikin kemo, ko da tsakar dare ne, ku kai ta asibiti ku gaya musu ranar da aka yi mata zagayen ƙarshe, kada ku ba ta farasitamol ku ce sai da safe.