Inna Tana Ƙwarewa In Ta Sha Ruwa

Tambaya: Gigin tsufa ya yi wa mahaifiyarmu nisa, ba ta gane mu, ba ta iya tashi. Yanzu ko ruwa aka ba ta sai ta ƙware ta yi ta tari. Yaya za mu yi? Daga wata 'yar'uwa a ƙauyen Ringim.

Amsa: Allah ya ba Inna sauƙi, 'yar'uwa. Ciwon ne ya raunana mata haɗiya. Ruwa tsinkakke ya fi saurin zarcewa huhu, daga nan ciwon huhu yake kamawa.

Kada a ba ta komai a kwance. A zaunar da ita, a tokare bayanta da matashi, haɓarta ta ɗan sunkuya. A ba ta koko ko kunun gyaɗa mai kauri da ƙaramin cokali, sai ta haɗiye sannan a ƙara. In ta kau da kai a ƙyale ta, ɗura tana da haɗari. Bayan ci ta zauna minti 30, a duba kumatunta, don abinci kan maƙale a nan.

A riƙa juya ta duk awa 2, ana duba ƙugu da diddige saboda gyambon kwanciya. Da kun ga zazzaɓi ko numfashi sama-sama, ku kai ta asibiti a ranar.