Bargon faci: me ya sa audugar ta dunƙule bayan wanki ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Daga unguwar Zariya nake, nan cikin Maradi. Bara na tara ƙyallayen da suka rage wurin telana, na harhaɗa su na yi bargo, na cusa auduga a ciki. Wanki ɗaya audugar ta tattaru gefe guda kamar curin fura, jan ƙyalle kuma ya zuba kan fari. Bana ina son in ɗinka wa Innarmu da ke Tibiri guda kafin sanyi ya sauka, da wani ƙarami na jaririn ƙanwata. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika tuna da Inna. Hannunki ba shi da laifi. Matashi kika ɗinka, kika sa masa suna bargo.

Matashi buhu ne, a cusa a rufe baki. Shi kuwa bargon faci hawa uku ne: fuska, ciki da baya, kuma sai allura ta ratsa ukun gaba ɗaya, wuri-wuri, sannan na tsakiya ya zauna inda aka ajiye shi. Sakakkiyar auduga ba ta da abin da ya riƙe ta, da ta sha ruwa sai ta nemi ƴar uwarta su cure. Audugar rimi ta fi ta rashin ji, santsi gare ta, ki bar wa masu katifa kayansu. Abin da nake sa wa nawa a ciki shi ne tsohon bargo marar kauri, ko tsofaffin zannuwa biyu zuwa uku da suka sha wanki suka yi laushi. Haka matan Bangaladash da gabashin Indiya suke yin nasu da suke kira kanta, tsofaffin zannuwa ne a jere, an bi su da ƙananan ɗinki. Sanyinmu ma ba na ƙanƙara ba ne, daga Disamba zuwa Fabrairu ya gama, kuma da asuba ya fi cizo. Bargon da ya yi wa tsohuwa nauyi, ƙarshensa ƙarƙashin gado.

Batun zuba kuwa, tun kafin almakashi ake maganinsa. Ki ware ƙyallayen, masu duhu daban, masu haske daban, ki jiƙa su. Wanda ya rina ruwa ki sake wanke shi har ruwan ya fito fari. In ya ƙi bayan wanki uku, ki fitar da shi komai kyansa. Ja, da shuɗin baba, da rinanniyar shadda su ne manyan masu laifi. Ana cewa a zuba gishiri, ni dai na sha gwadawa ban ga ya hana komai ba. Wankin nan yana kuma fitar da sitaci, yadin auduga ya gama tsukewarsa tun bai shiga ɗinki ba, don in kin haɗa wankakke da sabo, sabon zai ja ya tattare miki fuska.

Kada ki gwama atamfa da leshi ko yadin roba. In kina shakka, yanki ɗan ƙyalle ki kusantar da shi ga ashana: auduga takan ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule.

Yanzu lissafi, inda mata da yawa ke gudu, alhali ba wuya. Ki yanki kwali murabba'i, santimita 22 kowane gefe, shi ne ma'auninki. Ɗinki zai ci santimita 1 ta kowane ɓangare, saura 20. Na Inna ki jera 7 a faɗi, 10 a tsawo, guda 70 ke nan, ya ba ki santimita 140 da 200. Na jariri ki yi kwali na 12, ki jera 8 da 10, guda 80. Ki yanka bisa tafiyar zaren yadin, kada a karkace, in ba haka ba ya miƙe a ƙarƙashin keke kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Ki baje su kan tabarma ki yi ta sauya musu wuri har idonki ya gamsu, sannan ki ɗinke layi-layi. Kowane layi a goge shi, a kwantar da bakin ɗinkin gefe guda, na gaba kuma a kwantar da shi ɗaya gefen. Gugar nan ita ke bambanta aikin tela da na ɗan koyo.

Baya da ciki su ɗara fuska da santimita 5 ta ko'ina. Ki shimfiɗa baya a ƙasa, ciki a kai, fuska a sama, ki lallashe da tafi, ki kama su da fil ko da dogon ɗinkin da za ki warware daga baya. Sai ki fara daga tsakiya ki nufi baki, kada ki taɓa farawa daga gefe. Tsakanin layin ɗinki da layi kada ya wuce faɗin tafin hannunki. Wannan shi ne abin da bargonki na bara ya rasa. Ni na fi son yin sa da hannu, da zare mai kauri, don ƙaramin keken gida yakan ture hawan sama ya bar na ƙasa, ki iso baki ki tarar da tattara. Da kin gama, ki datse cikin daidai da fuska, ki naɗo rarar bayan ta hau gaba, ki kalmashe.

Ki fara da na jaririn, hannu ya saba kafin ki kama babba. Amma ki gaya wa ƙanwarki na shimfiɗa ne, kada a lulluɓe shi da shi yana barci kafin ya cika shekara, gudun ya rufe masa hanci. Kada kuma ki liƙa masa maɓalli ko duwatsun ado.

Na Inna kuwa, in kin je Tibiri ki roƙe ta tsohon zanenta guda, ki karɓi ƙyalle ɗaya-ɗaya daga ƴan uwanki, na ankon biki, na sallah, na suna. Za ki ga tana nuna wa baƙi da yatsa tana faɗin mai kowane. Ki kama aikin tun Oktoba, don guda 70 da ɗinkin hannu, ga girki ga yara, zai ci miki makonni.