Ajiye mota a filin jirgin Heathrow

Malam, ka tambaya ko ka kama wurin ajiye mota tun kafin tafiyarka Umara ta sati biyu daga Landan. Ka kama, ta shafin filin jirgin na intanet, ya fi araha nesa ba kusa ba. Zaɓi wurin ajiye mota na dogon lokaci na tashar da jirginka zai tashi, bas kyauta za ta kai ka bakin ƙofa. Ka rubuta lambar motarka daidai, domin kyamara ce ke karanta ta kafin shinge ya ɗaga.

Masu karɓar makulli su ajiye maka da arha kuwa, don Allah ka yi hattara. An sha samun motocin mutane a yashe cikin taɓo, babu mai gadi.