Ƙanena, ni ma ƙwallo ta taɓa raba ni da aminina

Assalamu alaikum. Ƙanena, sau uku na karanta tambayarka, sai da na ajiye almakashi na zauna. Ka ce tun daren wasan ƙarshe na kofin Afirka da muka yi da Kwaddibuwa a Abidjan, Fabrairun 2024, kai da yayanka ba kwa ga-maciji, gida ɗaya kuke kwana amma saƙo sai ta bakin Hajiya. Kai ka ce alƙalin wasa ne ya miƙa wa masu masaukin baƙi kofi, shi ya ce kocinmu na lokacin, Peseiro, ne ya kashe mu da tsoro. Kana son sanin wa ke da gaskiya, da kuma yadda mutum zai bambance ranar da alƙali ya cuce shi da ranar da kocinsa ne ya gaza. Wallahi kamar labarina ka rubuta. Nawa bai ƙare da daɗi ba, shi ya sa ba zan iya wucewa ban tanka ba.

Ranar Litinin ce, 30 ga Yunin 2014, mu da Faransa a zagayen 'yan 16 na kofin duniya. Ku 'yan Gombe kun tuna yadda gari yake a lokacin. Bayan harin bam ɗin da aka kai gidan kallo na Damaturu makonni biyu kafin nan, babu mai son cusa kansa cikin taro. Sai na ɗauko talabijin ɗin gida na ɗora a kan teburin yanka a shagona na ɗinki a Jekadafari, muka ja ƙofa rabi, muka tada ƙaramin janareto a baya. Mun kai mu goma sha biyar. Farkon azumi ne, ƙarfe biyar aka take wasa, bakin kowa a bushe, ga kunu da ƙosai a rufe gefen keke ana jiran magariba.

A cikinmu akwai maƙwabcin shagona, mai sayar da kayan gyaran babur. Ba zan kira sunansa ba. Tare muka yi makarantar allo, shi ne babban abokin ango ranar aurena. Ɗan gani-kashe-nin Arsenal ne, kuma saboda Faransawan Arsenal ɗin, Giroud da Koscielny, ya ce shi ranar Faransa yake yi. Na ɗauka wasa ne.

Emenike ya zura ƙwallo tun kafin minti 20, muka yi tsalle har wani ya ture dutsen guga, sai ga tuta a sama, wai satar gida. Muka haɗiye. Ana shirin bugun kwana Evra ya rungume Odemwingie ta baya kamar ɗan kokawa, a cikin yadi na 18, alƙalin nan Ba'amurke bai ba da fenareti ba. Muka sake haɗiyewa. Bayan an dawo hutu Matuidi ya ɗora ƙusoshin takalminsa a idon sawun Onazi. Na ga ƙafar yaron nan ta lanƙwashe, na ji abin har cikin haƙorana. Aka fitar da shi a kwance, shi kuwa wanda ya taka shi katin gargaɗi kawai aka ɗaga masa. Shago ya yi tsit. A cikin wannan shirun ne mutumin nan ya buɗe baki ya ce, "Ai ƙwallo ya bi, ku 'yan Najeriya kun cika kuka." Ku 'yan Najeriya! Mutumin da aka haifa a Herwagana, aka yanke masa cibi a nan, yana ce mana ku. Na dube shi, yana murmushi yana kaɗa ƙafa a kan bencina, a ƙarƙashin fankata, da man da na saya na zuba a janareto.

Minti 79 aka yi kwana, golanmu Enyeama da ya tsare mu tun farkon wasa ya fito ya doki ƙwallon da yatsu, ta faɗa kan Pogba, ya sa ta a raga. Maƙwabcin nan nawa ya miƙe, ya zo har gabana yana tafa hannu daf da hancina yana cewa a tattara a koma gida. Ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba. Shadda ce ruwan toka, ni na ɗinka masa ita da hannuna, na ji ta yage tun daga wuya har aljihu. Na faɗa masa wata magana da ta taɓa iyayensa, wadda har gobe ba na son tunawa. Daidai lokacin ladan ya ɗaga murya. Mutane sun sha ruwa a tsaye, hannu ɗaya da dabino, ɗaya yana riƙe da ni. Ƙwallon da Yobo ya ci gida ma ban gan ta ba, sai daga baya aka ba ni labari.

Na yi laifi, ban musa ba. Amma abin da ya yi bayan nan ya fi yagar riga ciwo. Washegari da safe ya turo yaronsa ya kwashe ɗinkin sallar iyalinsa kaf, har wanda na riga na yanka. Bai tsaya nan ba, ya bi 'yan'uwansa gida biyu ya sa su ma suka karɓe nasu. Duk tela ya san ɗinkin azumi shi ne cinikin shekara. Ya zauna a majalisa yana cewa in ana ƙwallo kar a matso kusa da ni, wai kaina ba daidai yake ba. Wannan magana ta zaga har ta kai kunnen surukina. Sau biyu ina zuwa ba shi haƙuri. Na farko ya ce yana da ciniki, ko ɗaga kai bai yi ba. Na biyu aka ce ba ya nan, alhali ga babur ɗinsa a ƙofar gida, ga takalminsa a bakin zaure. Sai da limamin unguwa ya sa baki bayan salla muka yi musabaha, amma hannu ne kawai ya gaisa. Mutumin da ya kwana a asibiti tare da ni ranar haihuwar ɗana na fari. Har yanzu in na tuna tafin nan a gaban fuskata raina yana ɓaci, kuma har yanzu ina ganin shi ya fara.

To, bari in zo kan tambayarka. Shekaru bayan nan na nemi wasan a waya, na zauna ni kaɗai da dare na kalle shi tun daga farko, na rage murya don kar mai sharhi ya tunzura ni. Takun Matuidi jan kati ne, yau ma haka zan ce. Amma ƙwallon Emenike satar gida ce ta gaskiya, ni kuwa na yi shekaru ina rantsuwa an ƙwace mana ita. Kuma na ga abin da fushi ya rufe mini ido a kansa a ranar. Da Onazi ya fita, tsakiyarmu ta mutu, Reuben Gabriel da ya shigo bai iya riƙe wajen ba. Kocin Faransa Deschamps ya ga ƙofa ta buɗe, nan take ya cire Giroud ya sa Griezmann, Benzema ya dawo tsakiyar gaba, daga nan sai ruwan hari. Moses ya fitar da ɗaya daga kan layi, Cabaye ya daki ƙarfen sama, Enyeama ya ture wata. Kowa ya san ƙwallo na tafe, amma bencinmu bai motsa ba. Ina girmama marigayi Keshi, kocinmu na lokacin, shi ya ciyo mana kofin Afirka na 2013, amma a ranar an fi shi saurin karanta wasa. Ka ƙara da cewa kwanaki kaɗan kafin wasan 'yan wasanmu sun ƙi fita atisaye saboda rigimar alawus. Wannan kuma ba alƙali ya jawo mana ba.

Ban ce ba a cutar mu ba. Wanda ya ga wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2000 a Legas ba zai faɗi haka ba. Ina saurayi lokacin, a gidan maƙwabta muka kalla. Kamaru ta ci biyu, Chukwu da Okocha suka farke, aka je bugun fenareti, ta Ikpeba ta daki ƙarfen sama ta faɗa bayan layi, duniya ta gani, aka ce ba ta shiga ba. Wannan ita ce cuta tsagwaronta, babu dabarar koci da za ta gyara ta. Amma ka tambayi yayyenmu labarin wasanmu da Italiya a kofin duniya na 1994. A ranar alƙali gefenmu ya faɗo, ya kori Zola a kan abin da bai kai ya kawo ba, muna gaba da ƙwallon Amunike, su goma mu sha ɗaya, saura minti biyu. Muka tsaya wasa da ƙwallo maimakon mu kashe wasa, Baggio ya farke, ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. Wa za mu zaga a nan?

Abin da ya fi ƙona mini rai da alƙalai shi ne rashin tsayawa a magana ɗaya. A Garwa ta Kamaru, Janairun 2022, mu da Tunisiya a kofin Afirka, lokacin da wasu daga nan suka bi ta Yola suka tsallaka don su gani da idonsu, Iwobi bai fi 'yan mintuna da shigowa ba ya taka Msakni. An ɗaga masa katin gargaɗi, aka je aka duba VAR, wato bidiyon da alƙali ke sake kallo, aka mayar da shi ja. Na zauna ina kallo sai ƙafar Onazi ta dawo mini. Namu bai kai rabin wancan ba, amma namu ne aka kora. Duk da haka ka tuna an riga an ci mu tun minti 47, kafin katin. Tunisiya ta zo da annobar korona a sansaninta, kocinta ma bai zauna a benci ba, amma sun yi karatunmu. Sun ga duk abincinmu ta hannun Moses Simon yake fitowa, suka sa masa mutum biyu, shi ke nan tukunya ta daina tafasa. Mun ci wasa uku a rukuni da hanya ɗaya, ranar sili-ɗaya-ƙwale aka toshe ta, kocinmu Eguavoen bai zo da ta biyu ba.

Game da daren Abidjan kuwa, ka yi haƙuri ƙanena, yayanka ya fi ka kusa da gaskiya. Ni ma na ji haushin ƙananan busa, mai gida yana samun rangwamen da baƙo ba ya samu, musamman fili cike da masu riguna ruwan lemu ana ihu. Amma nuna mini hukunci ɗaya da ya ɗauke mana ƙwallo ko ya ba su. Troost-Ekong ya ci da ka a minti 38, daga nan muka shige ɗaki muka ja ƙofa. Adingra ya yi ta cin Ola Aina ta gefen nan tun farko har ƙarshe, ba a turo masa mai taimako ba. Kwanar da Kessié ya sa wa kai a minti 62 daga ƙafar Adingra ta fito, wadda Haller ya taɓa a minti 81 ma daga ƙafarsa. Osimhen yana can shi kaɗai kamar maraya. Kwana huɗu kafin nan yaran sun yi minti 120 da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe, ƙafafu sun yi nauyi, canji bai zo da wuri ba. Shi ma yayanka kar ya cika baki, domin wannan tsarin na 'yan baya biyar shi ya kai mu can, ƙwallo biyu kacal aka ci mu a wasa shida, kuma da shi muka doke Kwaddibuwa ɗaya da nema a rukuni. Kuskuren shi ne maimaita musu abin da suka riga suka gani.

Ka tuna wasan Afirka ta Kudun ma. Osimhen ya ci ta biyu muna murna, aka koma VAR aka soke ta, aka ba su fenareti saboda ketar da Alhassan Yusuf ya yi wa Percy Tau can baya. Da mun faɗi, da har yau ana tsine wa alƙalin nan. Golanmu Nwabali ya tare biyu a bugun fenareti muka wuce, kowa ya manta. Kuma keta ce, ko da yake yaronmu ne na Kano. A daren nan an ba da labarin mutanen da suka yanke jiki suka rasu suna kallo. Tun daga lokacin nake zuwa a gwada mini jini, kai ma da ka ce ba ka iya barci bayan wasa, don Allah ka je a duba ka, kar ka ce ƙuruciya.

Kar ka yanke hukunci a daren wasa, ka bari kwana uku su wuce ka sake kallo kai kaɗai. Ka lura da mintin da aka yi busar da ta ɓata maka rai, sannan ka dubi me benci ya yi bayanta. Kuma wanda ka san bakinsa ba shi da linzami, kar ka zauna kallo kusa da shi, balle da azumi a bakinka. Ni yanzu nake ɗinka wa yaran unguwarmu rigunan wasa, kuma abin da ke damuna shi ne ɗan shekara goma sha biyu in an ci su ba ya cewa mun yi sake, sai ya ce rafali ne. A bakinmu suka ji. Ranar nan a filin makarantar firamare na ga sun bi wani bawan Allah da jifa, shi kuwa kyauta ya zo ya busa musu.

Kai naka yayanka ne, ciki ɗaya, kuma Hajiya tana gani tana shiru, ka san ba daɗi take ji ba. Kai ne ƙarami, ka same shi bayan sallar asuba ka gaishe shi yadda ka saba, kar ka ɗauko zancen Peseiro ko na alƙali, ko shi ya ɗauko ka ce haka ne Yaya. Kar ka jira sai liman ya shiga. Nawa mutumin ya tashi daga kusa da ni tuntuni, ya koma wajen Tashar Dukku da shagonsa, sai a jana'iza ko ɗaurin aure muke haɗuwa mu yi sannu sannu. A azumin shekarar da muka yi faɗan na sayi shadda ruwan toka irin tasa na ɗinka masa sabuwa, awonsa yana kaina ko littafi ban duba ba. Da aka ce mini ba ya nan na dawo da ita. Tana nan cikin leda a ƙasan teburin yanka.